Battar Kaka da Farin Tabon Dasashi

Makon jiya, a cikin bas ɗin da ta ɗauko mu daga Funtua zuwa Malumfashi, wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni ta kwance bakin zanenta ta ciro 'yar batta. Tana buɗe murfin, ƙamshin ya bugi hancina: garin taba da kanwa, mai yaji, mai ɗan ɗaci, irin wanda ke sa mutum atishawa tun bai ga inda yake fitowa ba. Sauran fasinjoji suka yamutsa fuska, wani ya zuge gilashi. Ni kuwa sai na ji idanuna sun ciko. Ta ɗebi garin da yatsu biyu, ta ja leɓenta na ƙasa ta zuba, ta mayar da murfin ta ɗaure. Kafin ta gama ɗaurin, ni na riga na bar motar. Na koma ƙauyenmu, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin Kaka.

Mai karatu, bari in kai ka gidan. Gida ne na ƙasa mai rumbu uku, da bishiyar ɗurumi a ƙofar zaure, da rijiya a tsakar gida wadda bakinta ya sha gugar igiya har ya yi santsi. Kaka mahaifiyar babana ce. Mijinta kuwa, kakana, kowa a gidan Baba Tsoho yake ce masa. Noman dawa da auduga muke yi kamar kowa a yankin, amma a bayan rumbuna akwai wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, wanda Baba Tsoho ya kewaye da ƙaya. Ba ya barin kowa ya sa masa fartanya. A nan yake shuka taba. Shi ba ya sha, ba ya sayarwa. Ta Kaka ce.

Idan damina ta yi nisa, ganyen ya yi faɗi ya yi danƙo a hannu, sai ya tsinke shi ɗaya bayan ɗaya, ya jera a igiya, ya rataye a inuwar rumfa. Ba ya yarda rana ta taɓa shi, wai rana tana kashe masa ƙamshi. In ya bushe ya zama ja kamar fatar da aka jeme, sai ya adana a cikin tukunya. Kullum da hantsi, bayan ya leƙa gona ya dawo, zai zauna a bayan rumbu da wani ɗan turmi wanda bai fi ƙwarya girma ba, ya daka ganye kaɗan da ɗan gutsuren kanwa, ya tankaɗe da ƙyalle, ya cika batta. Daga nan sai ya taso a hankali, ya ratsa tsakar gida, ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi gyaran murya.

"'Yar mutanen Musawa, ga saƙonki."

Haka yake kiran ta, don daga can aka auro ta. Ban taɓa jin ya faɗi sunanta ba, ita ma ban taɓa jin ta faɗi nasa ba. Za ta miƙo hannu biyu ta karɓa, ta ce, "Sannu, Malam." Sai ya zauna a kan wani kututture da ke gefen ƙofar, su yi shiru tare, ko su yi zancen ruwan sama da tsadar taki, har inuwa ta janye daga ƙafarsa, sannan ya tashi.

Abokansa na zaure sun sha yi masa tsiya. Wani maƙwabcinmu mai yawan barkwanci yakan ɗaga murya ta kan danga ya ce, "Malam, an gama dakan ne, ko in aiko maka da tawa dawar?" Baba Tsoho sai ya ce, "Aiko da ita, amma ka haɗo da haƙoran da za ka ci tuwon." Daka aikin mata ne a garinmu, kowa ya sani. Shi dai bai fasa ba ko rana ɗaya.

Asalin abin, kamar yadda Kaka ta ba ni labari, ciwon haƙori ne. Tana da cikin babana, haƙorinta na ƙasa ya hana ta sukuni kwana da kwanaki. A wancan zamanin kowa ya yarda garin taba maganin ciwon haƙori ne, a cusa shi a gindin haƙorin sai wurin ya mutu, zogin ya lafa. Baba Tsoho, yana saurayin maigida a lokacin, ya taka da ƙafa har kasuwar wani gari ya sayo mata. Da ya ga na kasuwa akwai ƙasa a ciki, sai ya nemo iri ya shuka nasa. Haƙorin ya daɗe da faɗuwa, amma batta ta zauna.

A shekarun da nake ba ka labari, na fara satar karanta littattafan soyayya da yayata ke karɓo haya daga Funtua. A cikinsu samari suna rubuta wasiƙa mai ƙamshin turare, suna faɗin kalmomin da ke sa budurwa ta rufe fuska da mayafi. Sai in ɗaga kai in dubi gidanmu, in ga kaji da turmi da hayaƙin murhu, in ce a raina, kaico, mu dai gidanmu babu soyayya. Ina faɗin haka alhali ina zaune tsakanin tsoho da tsohuwa da batta.

Ni na fara ganin tabon. Kaka mace ce mai dariya da dukan bakinta, kuma wata rana ina yi mata tsifa na ba ta labarin yadda akuya ta bi liman, ta tuntsire da dariya har leɓenta ya ja ƙasa. A kan dasashinta na ƙasa, daidai inda take ajiye tabar, na ga wani fari kamar an ɗiga kindirmo.

"Kaka, nono ya maƙale miki."

Ta sa bakin zane ta goge. Yana nan. Ta kurkure da ruwa. Yana nan. Na kawo mata ɗan madubin yayata ta duba, ta latsa wurin da yatsa, ta ɗaga kafaɗa.

"Ba ya ciwo. Abin da ba ya ciwo ai ba cuta ba ne, ƙawata. Furfura ce ta gama da kai ta sauko baki."

Duk gidan aka yi dariya, aka bar zancen. Mu a saninmu farin baki iri biyu ne. Akwai na jarirai, wanda ke lulluɓe harshe da dasashi kamar gasarar koko, ya hana yaro kama nono. Akwai kuma ƙurjin nan mai farin ido da jan baki, wanda ke fitowa bayan zazzaɓi ko in mutum ya ciji kansa, ya hana shi cin yaji kwana bakwai ko goma, sannan ya tafi abinsa. Dukansu suna da zafi, dukansu suna wucewa. Na Kaka ba zafi, don haka muka ɗauka ya fi su sauƙi.

Amma har aka yi girbin gero bai tafi ba, sai ma faɗi da ya ƙara, ya yi kauri, in ta shafa da harshe ta ji kamar bayan ƙwarya. Nan aka shiga magani irin namu. Innata ta dafa bagaruwa ta ba ta ta riƙa kurkurawa. Aka gwada ruwan gishiri mai ɗumi. Aka shafa zuma. Wanzamin garinmu ya zo aski, aka nuna masa, ya ce a ba shi dama ya kankare shi da aska yanzu a wuce wurin. Kaka ta rufe bakinta da hannu biyu ta ce ko gawarta ba ta yarda ba.

Shi kuwa Baba Tsoho, tunaninsa ya tafi wani wuri. A ganinsa, tabar da ta kashe ciwon haƙori ba za ta gagara kashe ɗan tabo ba, sai dai in ba ta yi ƙarfi ba. Kanwa kuma ai ita ke narkar da wake mai tauri, ita ke cinye dattin tukunya. Sai ya ninka kanwar da yake sakawa, ya ce ta riƙa ɗora garin a kan farin sosai, ta bar shi ya daɗe. Ta yi yadda ya ce. Wurin ya riƙa yi mata raɗaɗi, su biyun suka ce alhamdu lillahi, magani ya fara aiki.

Goggona, ƙanwar babana da ke aure a Malumfashi, ita ta zo ganin gida lokacin ɗibar auduga. Ta ja leɓen mahaifiyarta a hasken rana ta duba. Na ga fuskarta ta sauya. Ta taɓa jinyar uwar mijinta a asibiti, ta ga abubuwa. Ba ta yi gardama da kowa ba, ta dai ce gobe da safe za a tafi asibiti, kuma ta faɗe shi da muryar da ba a musa mata.

Mu huɗu muka tafi: Kaka, Goggo, Baba Tsoho da ni, don Kaka ta ce ba ta shiga mota sai da ƙawarta. Likitan haƙorin da muka tarar mutum ne mai sanyin murya. Ya sa safar hannu, ya haska fitila, ya goga auduga a wurin ya nuna wa Goggo cewa ba ya fita. Ya ce farin da ke goguwa da wanda ke zafi ya warke cikin mako biyu ba su cika ba shi tsoro ba. Wanda yake tsoro shi ne irin wannan, mai shiru, wanda ba ya goguwa, ba ya ciwo, ba ya tafiya. Ya ce naman wurin ne ya gaji da ƙunar abin da ake ɗora masa kullum, ya yi kanta kamar tafin hannun manomi, kuma wani lokaci irin wannan kantar takan juye ta zama ciwon daji.

Kalmar ta faɗo cikin ɗakin kamar dutse a rijiya.

"Iya, kina sa taba a nan?"

Kaka ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe? Wa yake sayo miki?"

Baba Tsoho yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Ya ce, "Ba a sayowa, likita. Ni nake shukawa, ni nake daka mata. Tun kafin a haife ka." Sannan ya ƙara da cewa, "Kwanan nan ma na ƙara mata kanwa, don ya ci farin."

Likitan bai yi masa faɗa ba, kuma ina ganin da ya yi masa faɗan da ya fi masa sauƙi. Ya ce kawai, "Baba, kanwar tana ƙara ƙona wurin ne." Ya kashe wurin da allura, ya yanki ɗan ƙaramin nama, ya ce za a aika Zariya a auna, mu dawo bayan mako uku. Amma ko me awon ya nuna, taba ta ƙare daga yau.

Muka kamo hanyar gida. Ina kallon gonakin auduga suna wucewa fari fat, ina jin tsoron farin a karo na farko a rayuwata.

Washegari da hantsi, ba a ji ƙarar ɗan turmi a bayan rumbu ba. Baba Tsoho ya dawo daga gona ya zauna a zaure, bai shigo ba. Jibi ma haka. Kunya ce ta riƙe shi, yanzu na gane. Mutumin da aka ce hannunsa ne ya cuci matarsa, da wane ido zai tsaya a ƙofarta, kuma da me a hannunsa? Kaka kuwa ta zama wata daban. Kanta yana sarawa, tana faɗa da kaji, tana ture kwanon tuwo. Da hantsi sai ta fito ta zauna a bakin ƙofa tana kallon kututturen nan.

A rana ta biyar na shiga ɗakinta na same ta ta kwakkwafe battar a tafin hannu, tana tattara ɗan garin da ya maƙale a gindi. Na riƙe hannunta.

"Kaka, likita ya ce a'a! So kike ki mutu?"

"Sake ni, 'yar nema. Kowa ma mutuwa zai yi."

"Sai na faɗa wa Goggo."

Ta dube ni ta daɗe. Akwai maganar da tsohuwa ba za ta iya faɗa wa 'yarta ba saboda kunya, amma takan faɗa wa jika, don jika abokiyar wasa ce. Ta sassauta murya ta ce, "Ke kina ganin tabar ce? Tabar zan iya haƙura da ita, na haƙura da abin da ya fi ta. Amma in babu batta, me zai kawo shi ƙofar nan? Kwana biyar ke nan. Tsoho ba ya zuwa ɗakin tsohuwa hannu rabbana, sai a ce ya zare."

Duk littattafan da na karanta, ban taɓa cin karo da magana mai nauyin wannan ba. Na fita da gudu, ban ma san na fita ba. Na sami Baba Tsoho a zaure shi kaɗai yana tufka igiya.

"Amaryata, wa ya taɓa min ke?"

"Kai ne. Ka yi wa Kaka yaji."

"Namiji ke yaji?"

"To ai ka yi. Ta ce ba tabar take nema ba. Ta ce in babu batta ba za ka zo ba, shi ya sa take lasar gindinta."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Bai dube ni ba. Can ya ce, "Ita ta faɗa miki haka?" Na ce ita ce. Ya ce, "Bakinki ya fi ƙafarki sauri," ya ci gaba da tufkarsa, amma na ga igiyar tana warwarewa a hannunsa bai lura ba.

Da la'asar ya ɗauki fartanya ya shiga bayan rumbu. Ya tuge sauran tabar da ya bari don iri, ya fito da tukunyar busasshen ganyen, ya haɗa da ɗan turmin da ya yi shekaru yana daka a ciki, ya cinna musu wuta a bayan gida. Hayaƙin ya sa duk unguwa tari. Maƙwabcin nan namu ya leƙo ta kan danga zai yi tsiyarsa, da ya ga fuskar Baba Tsoho sai ya janye kansa. Daga nan Baba Tsoho ya aike ni in karɓo battar. Kaka ta ba ni ita kamar mai ba da ɗanta. Ya wanke ta da toka har sau uku, ya kife ta a rana.

Washegari da hantsi, muna shara, sai muka ji daka a bayan rumbu. Sautin ya bambanta, na sabon turmi ne, bai gama laushi ba. Wani ƙamshi kuma ya biyo iska, mai daɗi, mai maiƙo. Riɗi ne. Ashe Baba Tsoho ya sa innata ta soya masa tun da safe ba tare da ya gaya mata dalili ba. Ya daka shi lukui da ɗan gishiri kaɗan, yadda ba zai wahalar da mai ciwon baki ba. Muka ga ya taso a hankali, ya ratsa tsakar gida, ya tsaya, ya yi gyaran murya.

"'Yar mutanen Musawa, ga saƙonki."

Ta miƙo hannu biyu. Ta buɗe, ta sunsuna, ta ɗebo da yatsu biyu kamar yadda ta saba, sai dai wannan karon a kan harshe ta zuba.

"Gishirin ya yi yawa, Malam."

"Gobe a rage."

Ya zauna a kan kututturensa. Ni kuwa na shige bayan rijiya na yi ta kuka, innata tana tambayata ko kunama ce.

Da mako uku suka cika, sakamako ya dawo. Likita ya ce bai zama daji ba tukuna, amma ya kama hanya, kuma da wanzami ya kankare shi, ko da an ƙara shekara ana ɗora masa taba, da labarin ya sha bamban. Kaka ta sha wuyar rabuwa da tabar, ba zan ɓoye maka ba. Ta yi wata biyu tana mita, wani lokaci hannunta yakan tafi bakin zane da kansa. Amma ba ta koma ba. Farin ya riƙa janyewa a hankali, abin da ya rage likita ya cire shi kafin damina, kuma aka riƙa kai ta ana dubawa lokaci zuwa lokaci. Ta ƙara shekara goma sha huɗu a duniya, ta ga aurena. A filin nan na bayan rumbu, riɗi aka ci gaba da shukawa, kuma har Baba Tsoho ya kwanta ciwon ajali ba a fasa jin turmi da hantsi ba. Ya riga ta da shekara biyu. Bayan rasuwarsa babana ya ce zai riƙa daka mata, ta ce a'a, ta ƙoshi.

Yau ƙauyen ya sauya. An rushe rumbu biyu an yi ɗakin bulo, rijiyar an rufe ta, kututturen an daɗe da faskara shi. Akwai ƙaramin asibiti a bakin hanya, babura suna kai mutum cikin ɗan lokaci. Da na haifi 'yata ta fari, na ga wasu fararen ƙwayoyi kamar gero a dasashinta, na saɓe ta na ruga asibiti ko mayafin kirki ban yafa ba. Malamar asibitin ta yi dariya ta ce irin wannan na jarirai ne, za su baje da kansu, kada in sa musu komai, kada in bari a tsaga. Haka kuwa aka yi. Amma ban ji kunyar gudun da na yi ba. A gidanmu mun koyi cewa farin baki ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda bai yi ƙara ba shi ya fi cancanta a kai wa mai ido ya duba.

Har yanzu ina karanta littattafan nan, in yara sun tafi makaranta. Har yanzu samarin ciki suna iya magana. Sai dai in na kai wurin da saurayi ke rantsuwa zai iya mutuwa saboda budurwarsa, nakan rufe littafin in tuna wani tsoho da ya ƙona turminsa da yamma, ya wayi gari da sabo.

A cikin bas ɗin nan, da muka kusa Malumfashi, na kasa haƙuri. Na matsa kusa da tsohuwar na ce, "Iya, don Allah in kin sami hali ki je a duba miki dasashi, ko da ba ya ciwo. Musamman ma in ba ya ciwo." Ta kalle ni sama da ƙasa, ta tofar ta taga, ta ce, "'Yar nan, wa ya aiko ki?" Na ce mata kakata ce. Ta yi dariya ta ce to ta ji, Allah ya yi albarka. Ban sani ba ko za ta je.

Da na koma gida na buɗe akwatina na ciro battar, don ni Kaka ta bar wa. Fatarta ta yi baƙi, murfin ya sassauta. In ka buɗe, ƙamshin riɗi ne zai fara tarar ka. Sai ka daɗe da hancinka a ciki, can ƙasa, za ka ji tabar tana nan, wanki uku da toka bai fitar da ita ba. Dukansu biyu hannu ɗaya ne ya daka.